Wa Ke Shanye Wutar Gidan Tela?

A duk layin, da sunan Tela aka san ta, amma a bayan idonta Almakashi ake ce mata, kuma ta sani. Ta ce ba komai, ai almakashi ba ya yanka sai abin da aka sa masa a baki. Shekararta talatin da ɗaya tana ɗinki. Ta fara tun tana budurwa a shagon gwaggonta, mace mai saurin hannu wadda ba ta maimaita magana. Daga tsintar allura da sharar ƙyallaye ta kai ga riƙe almakashi, daga baya ta buɗe nata shagon a bakin kasuwa. A can ne wani direban motar haya ya kawo mata wando a rage masa ƙafa. Washegari ya dawo wai an rage da yawa. Aka saki, ya sake dawowa wai yanzu kuma yana jan ƙasa. A zuwa na huɗu ta ajiye abin awo ta ce masa, "Bawan Allah, in magana ce a bakinka ka yi ta, ka bar wandon nan ya huta." Ya yi maganar kuwa. Shi ne Baban Auta, uban 'ya'yanta uku.

Shekara uku ke nan da Baban Auta ya yanke jiki ya faɗi a tasha yana cikin duba taya. Ya tashi, amma ɓarin jikinsa na dama bai tashi tare da shi ba, muryarsa kuma ta ƙanƙance, sai ka matso ka kasa kunne. Tela ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta rufe shago, ta sa aka kwaso kekunan ɗinkinta biyu na lantarki da teburin yanka aka jibge mata a falo, kujerun falon suka tafi gidan babbar 'yarta. Da safe ta goge masa jiki ta ba shi shayi, ƙarfe takwas ta kunna kekuna ta jona dutsen guga, sha biyu ta shiga ta juya shi ta ba shi abinci, uku ta sake shiga, shida ta rufe aiki. Duk wanda ya ce mata ta koma kasuwa an fi ciniki, sai ta ce, "Kai za ka zauna min da shi?" Nan maganar take mutuwa.

To, gidan na haya ne, ɓangare huɗu a jere. Wayar lantarki ɗaya ce ta shigo daga titi ta rabu gida huɗu, kowa da ƙaramar mitarsa a bangon ƙofar shiga. Mai gidan kuwa Sanarwa ake ce masa, don ba ya iya duban idonka ya faɗi magana, sai dai ka wayi gari ka ga takarda a ƙofa. A daina shanya a kan katanga, takarda. A rufe famfo da kyau, takarda. Har ta'aziyya ya taɓa liƙa wa mutane. Saboda haka ranar da Tela ta gan shi tsaye a ƙofarta da ƙafafunsa, ta san ruwa ba ya tsami banza. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Babbar wayar gidan ta ƙone sau biyu cikin wata biyu, na biyun har da hayaƙi, sai da matar mai aski ta ɓangaren kusa ta fito da jaririnta ba ko takalmi.

"Hajiya," in ji Sanarwa, idonsa a kan takardar hannunsa, "an duba mitoci. Taki ita kaɗai ta ci abin da sauran ukun suka ci a haɗe."

"To sai aka yi yaya? Sata na yi?"

"Ba a ce kin yi sata ba. Waya ce ba za ta ɗauka ba, ni kuma gidan nan shi kaɗai na gada. Wata ɗaya na ba ki. In wutar da kike sha ba ta sauko rabi ba, sai dai kekunan su koma kasuwa. Gidan kwana na bayar haya, ba masana'anta ba."

"Shi kuma na ɗakin fa? Shi ma kasuwar zan kai shi?"

Sanarwa ya miƙa mata takardar, ta ƙi karɓa, ya liƙa a ƙofar ya tafi.

Ranta in ya yi dubu ya ɓaci, amma ƙarƙashin ɓacin ran tsoro ne zalla. In kekuna suka fita dole ta bi su, don da su ake ci a gidan. In ta bi su, Baban Auta zai wuni shi kaɗai daga safe har faɗuwar rana, mutumin da ko ƙuda ba ya iya kora daga gefensa na dama. Auta, ƙaramar 'yarsu, koyarwa take a makaranta, ba ta dawowa sai yamma. Sai ƙanen Tela, wanda ya zo neman aiki na mako biyu yau shekara biyu ke nan, kowa na ce masa Kawu saboda Auta. Shi kuwa ko kaza ba a bar masa jira. Ƙarfe takwas yake fesa turare ya fita neman aikin, ƙarfe ɗaya daidai ƙamshin miya ya dawo da shi.

A yammacin ranar ta tara su biyun a falo, ta ce daga yau an shiga dokar ta-ɓaci. Kekuna biyu dai ba za su ci wutar gida uku ba, ai ba yau ta fara ɗinki ba. Akwai inda wutar ke zurarewa, kuma ta san masu zurar da ita, ga su nan zaune suna kallonta.

Da ƙwayayen fitila aka fara. Goma sha ɗaya ne, duk tsofaffi masu jan haske, waɗanda in ka taɓa sai ka yarfe hannu. Auta ta ce duk ƙwan da ke zafi haka, a dumama ɗaki wutarsa take ƙarewa. Aka sauke su aka sa sababbi farare da ba sa zafi. Kawu ya ɗaga kai ya ce falon ya koma ɗakin tiyata.

"In an kwantar da kai ma ai ka sami abin yi," in ji Tela. "Je ka kashe ta banɗaki da ka bari."

Sai firiji. Auta ta maƙala takarda a bakin ƙofarsa ta rufe, ta ja, takardar ta zaro salin-alin ba ko gardama. Ashe robar ta saki tun tuni, sanyi yana fita, firijin yana ta wahalar sanyaya kicin gaba ɗaya. Ga shi an manna shi da murhu, an matse bayansa da bango ko iska ba ta ratsawa. Aka sauya roba, aka ja shi ɗaya kusurwar. Tela ta tsuguna ta kakkaɓe ƙurar bayansa, ta tsinto cokula uku da wani ƙaramin almakashi da ta taɓa zargin wata mai kawo ɗinki da ɗaukewa. Ta kafa doka, duk mai buɗe firiji ya san abin da zai ɗauka tun kafin ya taɓa ƙofa. Don Kawu aka yi dokar, shi ne mai buɗewa ya tsaya yana kallon ciki sai ka ce fim ake nunawa.

Butar lantarki ma ta shiga uku. A da, kowa ya ga dama sai ya cika ta maƙil don kofi ɗaya. Yanzu sau ɗaya ake tafasa ruwa da safe a juye a fulas. Caja ba ta zama a bango in ba waya a bakinta. Ɗan jan idon nan na talabijin, mai ci ko an kashe, Tela ta tsane shi tsana ta gaske, ba ta giftawa sai ta zare wayar daga tushe. Sau biyu tana zarewa Kawu na tsaka da kallon ƙwallo, ta ce kuskure ne.

Babban aikin shi ne zafi. Rufin kwano ne, silin ɗin siriri, da rana ta take sai ɗakuna su ɗauki zafi, fankoki huɗu na ta juya iska mai ɗumi, tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin Baban Auta tana nishi tun hantsi. Wannan kam Tela ta rantse ba za ta kashe ba sai ta sama masa wani sanyin. Ta zazzage buhunan ragowar yadi ta harhaɗa labulaye masu kauri, ninki biyu, na tagogin da ranar yamma ke duka. Kowane labule launinsa ya fi ashirin. Sannan ta sayo farin fenti na rufi, ta jingina tsani, ta kira Kawu.

"Yaya, ni fa ina da hawan jini."

"Yau sai ka haɗa da hawan tsani. Hau."

Ya hau yana ƙunƙuni, ya yi wuni biyu a sama, ya sauko fari fat har gira. Amma gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi. Ɗakuna suka yi sanyin da ba su taɓa yi ba, fankoki biyu suka huta, na'urar ɗakin Baban Auta ta koma aikin awa biyu da tsakar rana. Da ta tambayi Baban Auta yadda ya ji, ya gyaɗa kai ya ce a hankali, "Ya yi, Tela. Sannu." Maganarsa ke nan kullum, ba ƙorafi, ba ƙari.

Ran da aka cika mako uku ta ja Auta zuwa gaban mita. Auta ta duba, ta sake dubawa, ta koma lissafi da yatsu.

"Faɗi mana, ko ke ma an zare ki daga bango ne?"

"Umma, ya sauka. Amma kashi ɗaya cikin biyar ne. Rabi ake nema."

Tela ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Mako uku tana bin mutane da masifa, ta zama dodo a gidanta, Auta tana shirya darasi a tsakar gida don gudun kunna fitila, Kawu har ya fara neman izini kafin ya sha ruwan sanyi, duk a kan kashi ɗaya cikin biyar. Ga shi saura kwana tara.

Daga nan zarginta ya tsallaka katanga. Mai aski yana da injin aski, matarsa tana da na'urar busar da gashi, kuma ba a taɓa jin sun yi kukan wuta ba. Wa ya sani ko sun jona a layinta ta cikin silin? Ba ta faɗa musu kai tsaye ba. Ta dai tsaya a tsakar gida tana shanya, tana gaya wa igiya cewa akwai masu shan romon da ba su sa wa nama ba, kuma Allah yana kallo. Matar mai aski ta daina gaishe ta. Tela ta ce ai ga shi nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ta aika aka kira mai gyaran wuta, ba don ya gyara komai ba, don ya kama mata ɓarawo. Dattijo ne mai furfura, tabarau ɗaure da zare, ba ya gaggawar komai. Ya iso wajen sha ɗaya na safe, tana tsaka da yanka rigunan 'yan makaranta. Ya zaga ya ga ƙwayaye, ya taɓa robar firiji, ya ɗaga labule, ya leƙa rufi.

"Kin yi aiki, Hajiya," ya ce. "Ko ni abin da zan ce a yi ke nan. To yanzu a kashe komai na ɓangaren nan, komai da komai. In mita ta ci gaba da gudu, akwai mai ja."

Abin nema ya samu. Tela ta bi ɗaki-ɗaki, ta kashe fanka, ta zare firiji, ta ba Baban Auta haƙuri ta kashe tasa fankar, ta dawo tana kakkaɓe hannu. Suka fita gaban mita. Ɗan hasken da ke nuna ana shan wuta yana ta ƙiftawa da sauri, ko a jikinsa.

"Ka gani ko? Ni na faɗa. A hau silin."

Mai gyara bai nufi tsani ba. Ya dawo bakin ƙofar falo ya tsaya, ya karkata kai.

"Hajiya, wannan ƙarar fa?"

"Wace ƙara?"

"Wannan da ta cika ɗakin."

Ta kasa kunne. Ta ji wucewar mota a titi, ta ji kukan jaririn maƙwabta. Ita dai ba ta ji wata ƙara ba, har ta fara tunanin ko tsoho mai ciwon kunne aka turo mata. Ya tako a hankali, ya sunkuya ƙarƙashin babban keken ya danna wani baƙin makunni, ya matsa ya danna na ƙaramin. Wani gurnani da ya cika falon ya ja dogon numfashi ya mutu. Sai da ya tafi ta san da can yana nan.

"Ai ba ɗinki nake ba," ta ce. "Yanka nake. Ƙafata ba ta kan keke."

"Ƙafarki ba ta kai, amma injin yana juyawa. Irin wannan tsohon injin, daga lokacin da kika kunna shi yake gudu, ki taka ko kada ki taka. Takawar haɗa shi da allura kawai take yi. Ƙarfe nawa kike kunnawa?"

"Takwas."

"Ki kashe?"

"Shida."

"Duka biyun?"

"To ɗaya zan bari yana kallon ɗan'uwansa?"

"Cikin awa goman nan, awa nawa allura ke motsi?"

Ta san amsar. Tsakanin awo da yanka da guga da gardama da masu kawo ɗinki, in allura ta yi awa uku an gode Allah. Ƙaramin keken ma, na ɗaure bakin yadi, wata rana ko sau ɗaya ba ta hawa. Amma Almakashi ba ta faɗuwa a bugun farko.

"Malam, kai wuta ka sani, ni keke na sani. Ba a kashe inji da rana. Kunnawa da kashewa shi ke ƙona shi. Marigayiya gwaggona ta taɓa kwaɗa min sandar awo a bayan hannu don na kashe inji zan je shan ruwa. Duk telan da ya san aikinsa haka yake yi."

"Allah ya jiƙan Gwaggo. A shagonta ku nawa ne?"

"Mu takwas."

"Keke nawa?"

"Uku."

"To kin gani. Can wannan na tashi wancan na zama, inji ba ya gudun banza. Ita ta yi gaskiya a shagonta. Ke kuwa ke kaɗai ce."

Yana maganar yana shinshina iska. Ya juya wajen teburin guga, inda dutsen guga ke tsaye a kan bulo, ya kai hannu kusa ya janye da sauri.

"Wannan ma ba ki zare ba."

"Ai dutsen guga ne," ta ce, kamar wannan ya isa amsa.

Ya zare wayar, ya kama mariƙin ya juya shi. "Ina abin da ke kashe shi da kansa in ya yi zafi?"

"Na sa an cire. Ɓata min lokaci yake, ina tsakiyar kwantar da ɗinki sai ya ɗauke. Tela ba ya jiran dutse. In zafin ya yi yawa sai in goga shi a jiƙaƙƙen tsumma."

"Kuma duk bayan wata biyu yana ƙonewa a kai gyara."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya min. Hajiya, wannan shi kaɗai ya fi firijinki da fankokinki da fitilunki ci in an haɗa su. Awa goma yana dafa bulo. Zo ki gani."

Suka koma gaban mita. Hasken ya tsaya cik.

Matar mai aski tana tsaye a ƙofarta da jariri a kafaɗa, ta ji komai, don mai gyara ba ya rage murya. Ta juya ta shige ɗakinta, abin da ya fi zagi ciwo. Ƙarfe ɗaya na yi Kawu ya shigo, ya ji labari, ya buɗe baki, ya kalli fuskar yayarsa, ya rufe. Sai da ya kai ƙofar kicin ya gaya wa bango cewa ashe gwano ba ya jin warin jikinsa. Ranar ya buɗe firiji ya daɗe a gabansa, ba wanda ya ce masa kanzil.

Tela ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ɗinka wa jaririn riga da hula daga yadi mai kyau, ta ba Auta ta kai. Kunya ta hana ta cin abinci. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta birkice gida kaf, har rufi, tana farautar abin da ke ƙarƙashin gwiwarta.

Bayan kwana biyu mai gyara ya dawo da ƙananan injuna biyu, irin waɗanda ba sa motsi sai an taka, da dutsen guga mai kashe kansa. Ya kwance tsofaffin masu nauyin tsiya ya ɗaura sababbin. Tela ta zauna ta gwada tana harararsa. Ta taka, allura ta ruga. Ta ɗaga ƙafa, komai ya tsaya. Ba ta so abin ya burge ta ba, ta ce ba shi da ƙarfin na da. Ya ninka yadi mai kauri gida shida ya sa mata, allura ta ratsa ba ko tari. Ta ce to, za a gani.

Mai gyaran da kansa ya je ya taho da Sanarwa, ya tsayar da shi gaban mita, ya ce wa Tela ta kunna komai ta yi ɗinkinta yadda ta saba. Sanarwa ya daɗe yana kallon ɗan hasken yana ƙiftawa a kasalance. Ya taɓa babbar wayar ya ji ta da sanyi. Ya ce in haka ne ba sai an jira ƙarshen wata ba, kekuna su zauna, zai rubuto.

"Da ka faɗa da baki ma ya isa," in ji Tela. Amma da ta shiga ciki sai da ta jingina da bango ta yi hamdala.

Washegari ta yi komai kamar kullum. Ta goge wa Baban Auta jiki, ta ba shi shayi, Auta ta tafi makaranta, Kawu ya fesa turare ya fita. Ƙarfe takwas ta kunna kekuna, ba abin da ya amsa. Shirun ya dame ta. Tana jin agogon bango, tana jin ɗigar famfo, tana jin kukan almakashinta a cikin yadi, wanda ta manta yana yi. Ta yi tsaki ta ce wannan ai sai mutum ya yi barci a kan aiki.

Wajen ƙarfe goma, tana jan alli a kan yadi, ta ji an ce, "Tela."

Siririyar murya ce, daga ɗaki. Allin ya faɗi daga hannunta. A saninta bai taɓa kiranta a tsakiyar aiki ba, saboda haka abu ɗaya ne ya faɗo mata a rai. Ba ta san yadda ta kai bakin gadon ba. Yana kwance yadda ta bar shi, idonsa a kan silin. Da ya gan ta, shi ne ma ya tsorata.

"Mene ne? Ina ke ciwo? Ƙirji ne?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya? Ka kira ni."

Ya daɗe yana kallonta. "Kin ji?"

"Da ban ji ba me ya kawo ni? Malam, kada ka tsinka min zuciya a banza, rigunan mutane goma sha biyu ne a kan tebur. Me kake so?"

"Matashin ne ya zame. Kafaɗar nan ta danne." Ya dakata yana tattara numfashi. "Kullum war haka yake zamewa."

Ta sunkuya ta ɗago kansa ta gyara matashin. Hannunta ya tsaya a ƙarƙashin wuyansa.

"Kullum?"

"Kullum."

"Kuma kullum kana kira?"

"Sau biyu. Wata rana uku. In ba ki zo ba sai in jira sha biyu."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika dawo da aiki gida."

Ta zauna a bakin gadon. Awa biyu kullum, shekara uku, kafaɗa a danne, ita kuwa tana bayan bango ɗaya tana gaya wa duniya don shi ta bar kasuwa. Baƙin ciki ya taso mata, kuma da yake ba ta san wata hanyar fitar da shi ba, ta masifa ya fito.

"Kai wane irin mutum ne? Ina shigowa sha biyu, ina shigowa uku, ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana ka ce, Tela ina kira ba kya zuwa? Sai dai ka ce min ya yi, sannu? Shekara uku?"

"Na ɗauka kina ji," ya ce.

"Ina ji, in ƙi zuwa?"

"Kin rufe shagonki. Kina ɗaga ni, kina wanke ni. Na ce ɗan'adam yana gajiya, ba laifi ba ne. Ban ga dalilin ƙara miki da ƙorafi ba."

Tela, wadda ba a taɓa rufe wa baki a layin nan ba, sai hawaye suka zubo mata, ta share da hannu mai alli, ta bar fari a kumatu. Ta sake gyara matashin da ya riga ya gyaru. Ta ja masa mayafi, ta mayar da shi inda yake.

"To in ka ɗauka na gaji da kai, me ya sa ba ka daina kiran ba?"

Ya motsa hannunsa mai lafiya, ya laluba ya kama bakin rigarta.

"Na ce ko wata rana."

Ta riƙe hannun da nata biyu, ta sunkuyar da kai a kansa. Rigunan mutane goma sha biyu suka wuni a kan tebur ba a taɓa su ba.